Tambayar da Ba a Yi wa Bakoji Ba

Ranar Juma'a aka ɗaura auren Susan da Solomon a ofishin Di'o na Birnin Gwari, kuma Martha, gwaggon amarya, tana wurin. Ita ce ma ta dangwala yatsa a matsayin shaida. Abin duka bai kai tsawon dahuwar ƙwai ba. Di'o ya karanta wani abu da Turanci, akawu ya juya shi da Hausa yana kallon taga, ango da amarya suka amsa, aka buga hatimi, aka ce na gaba ya shigo. Na gaban kuwa wani ne da ya kawo ƙarar an sare masa ɗorawa.

Uban amarya, Bakoji, yayan Martha, yana zaune a benci jikin bango da sabon takalmi sau-ciki, ya ɗora hularsa a gwiwa. Har aka fito bai ce uffan ba. A mota ma bai yi magana ba. Martha ta lura, amma ta ɗauka takalmin ne ke matsa masa.

Ba son ransu ne ya kai su ofis ba. Mutanen Tudun Kurciya a da can cikin daji suke zaune, suna da majami'arsu ta laka wadda gwamnati ta ba lasisin ɗaurin aure tun zamanin Turawa. Da aka fitar da hanyar mota, gari ya taso gaba ɗaya ya dawo bakin titi, suka gina sabuwar majami'a mai rufin kwano har da tagogin katako. Sun kwaso benci, sun kwaso ƙararrawa, sun kwaso littattafan waƙa. Lasisi ne kaɗai bai biyo su ba, domin an ce na wancan ginin ne, ba na jama'a ba. An nemi sabo daga Kaduna, ana nan ana jira. Shi kuwa Solomon malamin daji ne, ma'aikacin gwamnati, kuma ba za a ba shi gidan masu iyali a inda aka tura shi, can wajen Kontagora, sai da auren doka. Saboda haka aka tsara: Juma'a ofis, Asabar biki a sabuwar majami'a, addu'a da waƙa da cin abinci, sa'an nan babbar motar Maikuɗi ta ɗauki amarya da kayanta kafin la'asar. Martha ce ta tsara, kuma a ganinta babu inda tsarin zai yi yoyo.

Asabar da hantsi tana bayan majami'a tsakanin tukwane, hayaƙi na cika mata ido, tana neman wadda ta zuba wa shinkafa gishiri bayan ita ta riga ta zuba, sai ga Susan cikin farar riga, ta tattare bakin rigar da hannu kada ta sha toka.

"Gwaggo, ki zo. Baba ya hau akwatina."

"Ya hau me?"

"Akwatina. Yaran mota sun zo ɗaukar kaya, ya ce ko tsintsiya ba za ta fita ba."

Martha ta miƙa wa wata muciya, ta goge hannu a zani, ta nufi gida. Ta same shi zaune daram a kan akwatin ƙarfe a bakin zaure, ya tare hanya, da babbar riga da takalmin jiya. A bayansa ga gado, ga tabarmi, ga kwanuka, ga keken ɗinki, duk an ɗaure suna jira.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau."

"To ka sauka mana, mutane na jira."

"Ina za a kai kayan?"

"Ina kuwa? Gidan mijinta!"

"Wa ya ba shi ita?"

Martha ta tsaya tana kallonsa. "Jiya ba a gabanka aka yi ba? Ba kana zaune a benci ba?"

"Ina zaune. Tun daga farko har ƙarshe ina zaune. Wani ya tambaye ni?"

Sai a lokacin ta gane ba takalmi ba ne. A Tudun Kurciya, in ana aure a majami'a, akwai inda fasto ke ɗaga kai daga littafi ya ce, "Wa ke ba da wannan mace aure ga wannan mutum?" Uban yarinya ya miƙe a gaban kowa ya amsa. A nan mata ke sakin guɗa, ba wajen sa zobe ba, ba wajen sa hannu ba. Bakoji maza ya yi ta haifa a jere, Susan ce auta kuma ita kaɗai ce mace. Ya yi shekaru a bencin dattawa yana kallon sa'o'insa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, har in an taso ya riƙa yi musu gyara a hanyar gida: wane ya yi gaggawa, wane muryarsa ta yi rawa, wane ya miƙe tun ba a gama tambaya ba.

"Yaya," ta ce, tana ƙoƙarin sassauta murya, "ka karɓi gaisuwa. 'Yan'uwan yaron nan sun zo sun nome maka gona. Ka bi mu har ofis da ƙafarka. Me ya rage?"

"Karɓa daban, bayarwa daban. Ni ban ba da kowa ba. Di'o ya tambaye shi, ya tambaye ta, har ke ya tambayi sunanki. Ni da na haife ta aka bar ni da hula a hannu kamar wanda ya zo biyan haraji."

"To shi ke nan, ni na tambaye ka yanzu. Wa ke ba da wannan..."

"Ke fasto ce?"

Ta juya ta nufi majami'a, don ta san in ta buɗe baki abin da zai fito bai dace da ranar biki ba.

Fasto Enoch yana cikin majami'a yana jera littattafan waƙa a kan benci, dogo siriri, tabaronsa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Baƙi sun fara cika wurin. A gaba abokan ango ne, malaman daji, kowa da kaki da aka goge ya yi tsini.

"Fasto, ɗan aiki ne kaɗan," Martha ta ce da shi a hankali. "In an gama waƙar farko ka yi wa Yaya tambayarsa, ya amsa, kowa ya huta."

Littafin da ke hannunsa ya kusa faɗuwa. Ya ja ta zuwa bakin ƙofa.

"Uwar zumunta, ki rufa mini asiri. Jiya a ofis, kafin ku shiga, akawu ya kira ni gefe. Ya ce a nan in yi addu'a, in yi wa'azi, mu yi waƙa har gobe in mun ga dama. Amma in na kuskura na buɗe shafin aure a ginin da ba shi da lasisi, ni da alƙali ne. Ya ce an taɓa yi wa wani fasto."

"Wane fasto?"

"Bai faɗi suna ba."

"A ina?"

"Ya dai nuna kudu."

"Tun da muka dawo bakin titi kake yi wa mutane tambayar nan a ginin nan. Wa ya kama ka?"

"Da ban sani ba. Yanzu kuwa na sani. Kuma dubi can." Ya nuna masu kakin da haɓa. "Duk gwamnati ce ke zaune."

"Itatuwa suke tsaro, Fasto, ba aure ba!"

"Kaki dai kaki ne."

"To kar ka buɗe littafin. Ai ka san ta da ka."

"Daga littafin ta fito."

"Ka fito waje, ka yi ta ƙarƙashin mangwaro."

Ya dube ta ta saman tabaro, da gaske yake tambaya: "Mangwaron yana da lasisi?"

Ta koma gida. Ta tarar Solomon ya riga ta, ya durƙusa a gaban surukinsa da kwat ɗin aro, gumi na bin wuyansa, ya zaro takardar aure daga ambulan yana bayani dalla-dalla, irin na mutumin da ya saba karanta wa manoma dokar daji.

"Baba, a wajen doka an gama komai. Ga ma sunanka nan a rubuce."

Bakoji ya leƙa inda yatsan ya nuna, ya gyaɗa kai. "Ya yi kyau. To ka tambayi sunan nawa ya ba ka ita."

Nan take ham ɗin mota ya cika unguwa, sai ga Maikuɗi direba da kansa, ya rataya tawul a wuya, yana tauna goro.

"Mama, ku duba gabas." Kowa ya duba. Hadari ya fara haɗuwa can ƙasa-ƙasa, baƙi kamar gindin tukunya. "Rafin da ke gabanmu ba gada, kun sani. In ruwan nan ya riga ni zuwa, wallahi sai dai amarya ta yi amarci a bakin gaɓa, ni da ita da ango da keken ɗinki. Ni ba na gardama da rafi a ƙarshen damina."

"Litinin zan kama aiki," in ji Solomon, kamar wani ya tambaye shi.

Martha ta sake tsallaka titi, ta kamo hannun rigar Fasto Enoch, ta jawo shi har zaure. Tunaninta in ta haɗa su ido da ido ɗaya zai ji kunyar ɗaya. Ashe ba ta san su ba. Suka gaisa a tsanake, suka tambayi gajiyar jiya, suka tambayi gero. Bakoji ya faɗi nasa. Fasto ya ce, "Gaskiyarka, dattijo, haƙƙinka ne." Fasto ya faɗi nasa. Bakoji ya ce, "Gaskiyarka, Fasto, ba zan so a ɗaure ka saboda ni ba." Daga nan kowa ya gamsu da ɗan'uwansa, kuma Bakoji bai motsa daga kan akwati ba.

Wani ƙauri ya taso daga bayan majami'a. Martha ta san ƙaurin: gindin shinkafarta ne.

"Madalla!" ta ce, murya ta kuɓuce mata. "Madalla da ku! Tunda lasisin yana kufai, sai mu kwashi amarya da ango da baƙi mu koma kufai, a yi wa gwaggon biri biki! Su ma ai sun daɗe ba su ga farar riga ba!"

Ta faɗa ne don su ji kunya. Fasto Enoch ya cire tabaro, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ba a dai aiko cewa an soke shi ba," ya ce a hankali.

"Fasto, wasa nake."

"Can kam ba wanda zai ce na taka doka. Aure an riga an ɗaura. Tambaya ɗaya ce, a ginin da gwamnati ta sani."

"Na ce wasa nake! Ginin da ba rufi?"

"Rufi na masu gini ne. Lasisi na gwamnati ne."

Bakoji ya miƙe daga kan akwatin, karon farko tun safe, ya kakkaɓe riga. "Kin kawo magana, Martha. Tun muna yara kin fi mu kai." Ya juya wajen yaran mota. "Kaya su tsaya nan tukuna. In na dawo na faɗa."

Ta yi ƙoƙarin rage asara. Ta ce to su biyu da amarya da ango su je su dawo da gudu. Bakoji ya ce shi ba a ɓoye zai ba da 'yarsa ba, a gaban jama'a ake yi. Aka buga ƙararrawa, Fasto ya sanar, kuma abin da ya fi ƙona wa Martha rai shi ne murnar da mutane suka yi. Tsofaffi suka hau neman sanduna. Matan zumuntar majami'a da ta dogara da su suka watsar da muciya suka ɗauki tulunan kiɗa da caki. Ita ce ta janye itace daga ƙarƙashin tukwane, ta roƙi wasu tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa su kori karnuka, ta cire wa Susan takalmi, ta naɗe mata farar rigar da tsohon zani har ƙirji. Da ta ga ba wanda ya tuna da ƙishirwa, ta cika babbar ƙwarya da kunun zaki ta ɗora a kafaɗa.

"Mama, in na ga ɗigo ɗaya a gilashi, na tafi," in ji Maikuɗi.

"Ka tafi da wa? Amaryar tana daji."

Hanyar kufai ba ta da nisa can, mai ɗauke da itace hutu ɗaya take yi. Amma tun da gari ya tashi ba mai bin ta sai makiyaya, kuma ciyawar ƙarshen damina ta fi mutum tsawo. Solomon ya tuɓe kwat, ya karɓi adda, shi da abokansa suka shiga gaba suna sara, nan da nan suka koma abin da suka iya, har suna gardama a kan wani itacen maɗaci ko ya isa yanka. Ƙudan tsando suka samu baƙi. Matan zumunta suna waƙa suna marin wuyansu. Ham ɗin Maikuɗi na bin su daga baya, yana raguwa a hankali. Ba a yi nisa ba Bakoji ya tsaya ya cire sabon takalmin, ya riƙe a hannu, ya ci gaba da tafiya ƙafa ba komai, fuskarsa a sake.

Susan na bayan Martha, tana cire ƙaiƙayi daga mayafi.

"Gwaggo, kar ki ji haushinsa sosai. Tun da aka sa rana yake gwadawa. Kullum da safe a bayan rumbu, ya zauna a kan turmi, ya miƙe, ya zauna, ya miƙe."

Martha ta juya, kunu ya kusa zuba. "Kin sani, ba ki gaya mini ba?"

"Na ɗauka Di'o ma yana tambaya."

"Kin ɗauka. Mijinki ya ɗauka. Fasto ya ɗauka. Ni kaɗai ce na ɗauki ƙwarya."

Susan ta yi dariya har ta riƙe ciki. Martha ba ta yi ba.

Suka fito fili. Tsohon gari ya koma tsibi-tsibin ƙasa da ciyawa ta rufe, sai kukoki da suka san kowa. Majami'ar tana nan a kan tudunta. Bango ya zaizaye ya dawo daidai ƙirji, rufi babu, wata ceɗiya ta tsiro a inda bagade yake da. An toshe bakin ƙofa da ƙaya. Daga ciki kuma wani abu ya yi kuka, wasu suka amsa masa.

Maruƙa ne, sun cika majami'a.

Wani mutum ya fito daga bukka da gudu, sanda a kafaɗa. Hammadu ne, makiyayin da ke sauka a tsohuwar gonar Bakoji kowace damina, shanunsa su bar taki a madadin godiya. Da ya hangi kaki a gaba da jama'a a baya, sai ya ɗaga hannu sama.

"Na biya jangali! Wallahi na biya! Waɗannan ba su isa ƙirga ba, jiya-jiya aka haife su!"

"Kwantar da hankalinka, Hammadu," in ji Bakoji. "Ba jangali ba ne. Aure ne."

Hammadu ya dubi Bakoji, ya dubi takalmin da ke hannunsa, ya dubi amarya naɗe da tsohon zani. "Aure? A ɗakin maruƙa? Bakoji, kun gina mai kwano a bakin titi, na gani da idona. Ko ya faɗi?"

"Yana nan. Wannan ne gwamnati ta sani."

"Gwamnati ta san nan?" Hankalinsa ya sake tashi. "Tun yaushe?"

Martha ta sauke ƙwarya. "Malam Hammadu, don girman Allah, a fitar da su. In ka tsaya sai ka gane, ruwa zai same mu a nan. Ni da aka yi komai a gabana ban gane ba."

Aka janye ƙaya. Kadijatu, matar Hammadu, ta zo tana kiran maruƙan da sunayensu, suka fito suna tsalle cikin jama'a, sai wani ja guda da ya kwanta a gindin ceɗiya ya ƙi tashi. Aka ja, aka tura, aka haƙura da shi. Ƙasa kuwa, don kashin maruƙa, ba a magana. Martha ta karyo reshe ta share ɗan wurin da amarya za ta tsaya, ta warware mata zanin, ta shimfiɗa shi a ƙasa. Tana sunkuye ne ta hango, ta inda bangon gabas ya tsage, tarin duwatsun da ke kan kabarin Naomi, uwar Susan, wadda ta rasu kafin gari ya tashi. Ko'ina ciyawa ce har wuya, amma kewayen duwatsun a nome yake fes, noman kwanan nan. Ta dubi yayanta. Yana can yana fama da takalmi, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Ta mayar da kai ga shararta.

Jama'a suka cika ciki, waɗanda ba su samu wuri ba suka jingina da bango ta waje suka ɗora haɓa a kai. Fasto Enoch ya tsaya a gefen maraƙin, ya buɗe littafi, sa'an nan ya ɗaga kai da damuwa.

"Doka ta ce a bar ƙofa a buɗe."

"Fasto," in ji Martha, "babu ƙofar."

"To madalla."

"A nemo mini abin zama," in ji Bakoji.

"Zama kuma? Yaya, dubi sama!"

"In ban zauna ba, yaya zan miƙe?"

Kadijatu ta ruga ta kawo turmi, aka kife. Bakoji ya zauna, ya baza riga, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Iska ta fara kaɗa ganyen ceɗiya, tana kawo ƙamshin ruwa. Can nesa aka yi tsawa. Fasto ya gyara murya, kuma da yake nan ba ya tsoron kowa, muryar ta fito irin ta da, har ta daki bango ta dawo.

"Wa ke ba da wannan mace aure ga wannan mutum?"

Bakoji bai yi gaggawa ba. Ya bari tambayar ta gama sauka. Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya gyara riga a kafaɗar dama, ya gyara a ta hagu. Ya dubi dattawa, ya dubi masu leƙe ta kan bango, ya dubi Solomon. Sa'an nan ya dubi Susan, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta sunkuyar da kai. Martha ta zuba masa ido. A ranta ta ce, shi ke nan, jawabi zai yi, zai faro daga ranar da aka haife ta, a nan za mu kwana.

"Ni," in ji Bakoji.

Guɗa ta tashi ta ko'ina, ta matan zumunta da ta Kadijatu a haɗe, maraƙin da ya ƙi tashi ya zabura ya bi ta tsakanin ƙafafun malaman daji ya fice. Fasto ya rufe littafi da sauri kamar kada wata tambayar ta fito.

Martha ta matsa kusa da yayanta. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Me kike so in ƙara?"

"Kalma ɗaya? Saboda ita muka tako daji, na ƙona shinkafa?"

"Haka ake faɗa." Ya sunkuya yana cire takalmi. "A gaya wa yaran mota su fitar da kaya."

Komawa gudu aka yi. Ba waƙa, ba caki. Ƙwaryar kunu ma a wurin Kadijatu aka bar ta, ba wanda ya sha. Suna fitowa titi suka tarar Maikuɗi ya ta da mota yana ba ta wuta, kuma kaya duk suna sama an ɗaure da tamfol, domin shi tun da suka juya baya ya sa aka loda. Bakoji ya ga haka, ya buɗe baki, Martha ta dube shi, ya rufe. Aka tura amarya gaba, farar riga ta koma ruwan ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Martha ta kankare saman shinkafa inda ƙauri bai kai ba, ta cika kwano, ta ɗora nama, ta miƙa ta taga mota na tafiya. Nasihar da ta kwana biyu tana shiryawa ba ta samu faɗa ba, sai "Ki riƙe kwanon da kyau!" Motar ta yi yamma, hadari na bin ta a baya.

Biki dai an yi shi a sabuwar majami'a kamar yadda aka tsara, sai dai ba ango ba amarya. Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfin da Fasto Enoch ya yi wa'azinsa gaba ɗaya ba wanda ya ji ko kalma, aka riƙa cewa amin in an ga ya rufe baki. Aka ci shinkafa mai gishiri biyu da ƙauri, aka yaba. Ana cikin ci wani mai keke ya shigo fakewa, jiƙe sharkaf, ya ce ya gamu da motar Maikuɗi a hayin rafi, ta haye ruwa bai kai rabin taya ba.

Sai a lokacin Martha ta zauna. Ta zauna a ƙarshen bencin dattawa, inda mata ba sa zama, ba kuwa wanda ya ce ta tashi. Bakoji na gefenta, takalmi a ƙarƙashin benci, dugadugansa duk sun sale. Bai taɓa abincinsa ba. Ya matso da baki kusa da kunnenta saboda ƙarar ruwa.

"Muryata ta fita?"

"Ta fita."

"Ba ta yi rawa ba?"

Muryar kam ta yi rawa. Kowa ya ji. Martha ta dubi ƙafafunsa, ta ja tsaki, ta tura masa kwanon gabansa.

"Ka dai daɗe kafin ka faɗa. Ci abincinka, Yaya, in je in ɗora maka ruwan zafi."